Rabin Takardar Gona

A shekarun da mutanen ƙauyukan bakin daji suka riƙa kwararowa cikin Birnin Gwari, na yi aiki da wata 'yar ƙungiya mai ɗaukar hoton takardun jama'a tana adanawa a kwamfuta. Mutum zai zo daga Dogon Dawa ko Kusasu ko wajen Tabanni da leda a aljihu, cikin ledar akwai wata ledar, cikin wannan kuma takardar gona ce, ko shaidar gama makarantar ɗansa, ko katin rigakafin shanu. In ɗora a kan sikana, haske ya ratsa ta ƙasa, in rubuta sunansa, in miƙa masa abinsa. Ba sai an yi wa kowa bayanin amfanin aikin ba. Ana ƙona garuruwa, mutum yana iya gudu, takarda kuwa tana nan inda aka bar ta.

Ni 'yar garin ce. Na je Kaduna na karanta kwamfuta na dawo, kuma duk ofishin ni kaɗai ce ba na tsoron buɗe ɗakin ciki. Lokacin an katse layukan waya a yankinmu, ko bayan an dawo da su ma layin bai da ƙarfin ɗaukar hoto, saboda haka babu zancen tura komai wani gari. Duk abin da muka ɗauka yana cikin wata baƙar kwamfuta mai girman akwatin tufafi, a wannan ɗakin, kusa da baturan sola.

Bari in faɗi yadda take, don a kanta labarin ya rataya. A ido kwamfuta ɗaya ce, amma a cikinta an yanka wasu ƙanana guda uku waɗanda ba a taɓa su da hannu, kowace tana aikinta kamar ita kaɗai ce a duniya. Ɗaya ta sikana, ɗaya ta rajistar sunaye, ɗaya ta wasiƙun ofis. Masu wannan sana'a suna kiran babbar mai masauki, ƙananan kuma baƙi. Mai masauki ce ke riƙe da ƙarfen, ita ke raba wa baƙi ƙwaƙwalwar aiki, wadda muke ce wa ram. Wasu 'yan siraran sanduna ne masu haƙora kamar mataji, ana soka su a ciki, a nan kwamfuta ke riƙe abin da take yi yanzu-yanzu kafin ta sauke shi a faifan ajiya.

Idan wani gurbi ya lalace a ram ɗin, ƙarfen da kansa yana ganewa ya kai ƙara, amma mai masauki kaɗai ke ji. Ya rage nata ta isar wa baƙon da gurbin ke rabonsa. In ta isar, baƙon zai yi wa wurin alama ya daina taka shi, ya jefar da aikin da ya taɓa wurin kawai, ya rubuto min a allo cewa ga aikin da ya zube, in sake. In ba ta isar ba, abin da ya rage mata shi ne ta kashe baƙon ɗungurungum ta sake tada shi. Zai farka garau bai san an yi komai ba, abin da ke hannunsa kuwa ya zube.

Wanda ya haɗa mana wannan kaya shi ne Injiniya. Haka kowa ke kiransa, shi ma haka yake gabatar da kansa. Daga Kaduna yake zuwa, sau ɗaya a wata in ayarin da sojoji ke rakowa ya tashi, da ruwansa na roba da agogon da ke ƙirga masa taku. Kafin ya zauna sai ya kaɗe kujera da hankici, ko da a gabansa aka goge ta. Bai taɓa ambatar sunan garinmu ba tare da ajiyar zuciya ba, sai ka ce mu muka roƙa a ajiye mu bakin daji. Ban raina shi don yana jin tsoron hanya ba. Duk wanda ya bi hanyar nan a shekarun can bai ji tsoro ba, to a duba kansa. Na raina shi ne don kyan gani ya fi damunsa a kan komai. Mutum ne da zai ɓata rabin wuni yana daidaita wayoyi su yi layi gwanin sha'awa, ya ɗauki hotonsu, ya tafi bai duba ko an jona su ba.

Da bazara ta kankama, ɗakin ciki ya koma tanda. Fankar da ke ciki iska mai zafi kawai take juyawa. A nan ram ɗin ya soma gazawa. Ina cikin aiki sai jan rubutu ya fito a ƙasan allo: gurbi kaza ya lalace, an killace shi, takardar da ke hannu ba ta shiga ba. Ban taɓa jin haushin rubutun nan ba. In ya fito sai in ce wa mai takarda, "Yi haƙuri, mu sake," in sake ɗorawa, in buɗe hoton in gani da idona, sannan in sallame shi. Na gaya wa Injiniya ɗaya daga cikin sandunan ram na mutuwa, a sauya. Ya ce in rubuto a takarda. Na rubuta. Ya ce in rubuto da Turanci. Na rubuta. Ya ninke ya sa a aljihun baya ya zauna a kai.

Sai ranar da masu tallafa wa ƙungiyar suka zo ganin aiki. An share tsakar ofis har sau biyu, an aro labule daga maƙwabta, an zaɓo masu takardu waɗanda rigunansu ba su yage ba aka jera a benci, sauran aka ce su dawo gobe. Wata mata mai faffaɗan tabarau ta tsaya a bayana tana kallo, Injiniya na gefenta yana zuba kamar rediyo. Ina ɗora takarda ta biyu jan rubutun ya fito. Matar ta nuna da biro ta ce mene ne wancan. Na buɗe baki zan ce ai shi ne abu mafi amfani a ɗakin nan, Injiniya ya riga ni. Ya ce ba komai ba ne, wani gwaji yake yi, yanzu zai cire. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga sharkaf.

Motarsu ba ta gama fita daga unguwar ba ya shige ɗakin ciki ya zauna gaban mai masauki. Na bi shi. Shugaban ƙungiyar ma ya biyo mu, wani Alhaji ne, abokin mahaifina tun suna samari. Mutumin kirki ne, amma in ya ga kwamfuta sai ya riƙa magana ƙasa-ƙasa kamar ya shiga ɗakin mara lafiya.

Na ce, "Injiniya, me za ka taɓa?"

Ya ce, "Hanyar da saƙon nan ke bi ya sauka wurin baƙi zan rufe. Ya tsaya can sama wurin mai masauki, ita ta ji da shi. Ba za a sake kunyata ni gaban mutane ba."

"To in ka rufe, yaya baƙon zai san inda ya lalace?"

"Ina ruwan baƙo? Malama, ke in kin yi baƙi a gida, zama kike ki gaya musu rufin ɗakinki na yoyo? Nomal ne wannan. In ya faɗi zai tashi da kansa, na saita shi."

Amsar tana bakina. Mu a garin nan muna gaya wa baƙo rufi na yoyo, don ya ja tabarmarsa gefe. Garin nan ma da me ya rayu in ba da isar da labari ba? Mai itace ta ga sawun babura a bakin rafi, ta gaya wa manomi, manomi ya gaya wa direba, kafin azahar kowa ya san hanyar da ba za a bi ba. Wanda ya ji ya yi shiru kuwa, ko gaisuwarsa ba a amsawa da daɗi. Waɗanda na sani masu cewa "hanya lafiya lau" kullum su ne 'yan kamashon tasha, su ma don mota ta cika ne, kuma ba su za su shiga ba. Duk wannan yana bakina. Amma Alhaji ya dube ni ya ce, "'Yata, shi ya san aikinsa. Bar shi." Ni kuma ba a rene ni da musu da abokin uba gaban mutane ba. Na haɗiye. Har yau in na tuna yadda na sunkuyar da kai na ce "to", sai in ji na tsani muryata.

Kafin ya tafi ya ƙara da wata doka. Ya ce wannan buɗe hoto da nake yi in duba ɓata lokaci ne, shi ke sa layi tsawo. In alamar kore ta fito an gama, a kira na gaba. Abin da bai sani ba, ko ya sani bai dame shi ba, koren nan yana fitowa ne da zarar hoto ya isa ram, tun bai gama sauka a faifai ba.

Daga ranar jan rubutu ya ɓace. Alhaji har yana yaba wa Injiniya a gaban mutane, wai ya zo ya gyara mana cikin ɗan lokaci. A madadin rubutun, jefi-jefi allon sai ya ƙifta ya yi baƙi, a ɗan jima ya dawo fes. Masu jira su ce wuta ce. Ni na san ba wuta ba ce, mai masauki ce ta kashe baƙonta ta tada shi. Da farko ina saɓa dokar a ɓoye, in ya ƙifta in buɗe hoton ƙarshe in duba, kuma sau da yawa in tarar lafiya lau. Sai na soma sakaci. Yau in duba, gobe in ce ai jiya ma ba abin da ya faru.

Dab da kaka, ranar wata kasuwa, wani dattijo ya zo daga wani ƙauye a ƙasar Tabanni. Baba zan kira shi, don haka na kira shi ranar. Layi ya kai bakin titi, kowa na son ya gama ya kama mota kafin la'asar, don bayan la'asar ba mai shiga hanya. Shi bai zo da leda ba. Ɗaga rigarsa ya yi, ya kwance wata 'yar jakar fata da ya ɗaure a ƙugu da igiya, ta yi baƙi saboda gumi. Ya ce tun da aka soma tashin hankali bai rabu da ita ba, da ita yake noma, da ita yake kwana, wanka kaɗai ke sa ya ajiye.

Takardar gona ce da ajami, ta yi ja don tsufa, ninkin ya kusa raba ta gida huɗu. Bai bari na ɗora ba sai da ya bi da yatsa ya gwada min. A sama bisimilla, da sunan mahaifinsa wanda ya sare wurin. A tsakiya iyakoki: daga ɗorawa babba zuwa kuka mai kogo, a gangara a haɗa da fadamar har bakin rafi. A ƙasa sunayen shaidu da hatimin dagacin zamanin. Ya ce, "Fadamar nan ita ce gonar, 'yata. Sauran tudu ne."

Na ɗora. Haske ya ratsa. Kore ya fito.

Ya ce, "Ya shiga?"

Na ce, "Ya shiga, Baba."

"Yanzu ko wuta ta ci wannan, yana nan?"

"Yana nan, Baba."

Ina miƙa masa takardar allon ya ƙifta. Na gani sarai. Na dubi allon, na dubi layi, wata mai goyo tana cewa a yi wa Allah a yi sauri. Baba yana tsaye gabana yana ninke takardarsa a hankali. Bai gama ɗaure igiyar ba allon ya dawo, ga sunansa a jeri. Buɗe hoton danna ɗaya ne. Ban danna ba. Na ce, "Na gaba." Ya sa min albarka har da iyayena, ya fita.

Bayan 'yan makonni wani malamin makaranta ya dawo neman kwafin shaidarsa. Na buɗe, sai ga rabin sama lafiya, rabin ƙasa ruwan toka shafe kamar bangon siminti. Ban nemi izinin kowa ba, na shiga ɗakin ciki na buɗe hanyar da Injiniya ya rufe. Layin rubutu ɗaya ne tak. Ruwan shayin da na ɗora bai tafasa ba na gama. Wata da watanni ina sunkuyar da kai a kan wannan ɗan abin. Kafin yamma jan rubutun ya dawo, na bi bayaninsa na gano sandar da ke mutuwa na zare ta. Kwamfutar ta rage sauri, amma ta daina faɗuwa.

Sannan na zauna na bi hotunan da aka ɗauka tun ranar rufewa, ɗaya bayan ɗaya. Yawanci lafiya. Waɗanda suka lalace na riƙa aikawa tasha da kasuwa a nemo min masu su, da yawa suka dawo muka sake. Na Baba na cikin waɗanda suka lalace. Bisimilla na nan, sunan mahaifinsa na nan, rabin layin da ya soma da "daga ɗorawa" na nan. Daga nan zuwa ƙasa toka. Na ba direban da ke bin hanyarsu saƙo, ya dawo ya ce min ai babu kowa a ƙauyen, satin da ya wuce aka tashe shi, an ƙona har rumbuna, mutanen sun watsu, wasu Neja wasu Kaduna. Na ce a raina, ai jakar tana ƙugunsa. Da wannan na yi ta rarrashin kaina shekaru.

Da Injiniya ya zo na nuna masa hotunan. Ya karkata kai ya ce laifin sikana ne. Na ce ba sikana ba ce. Ya ce to laifin zafi ne, dama ba a ajiye irin wannan na'ura a gari irin wannan. Da ya ga jan rubutun ya dawo, abin da ya tambaya kawai shi ne wa ya ba ni izini. Bai tambayi ko takardun na su wane ne ba. A rahotonsa na ƙarshen shekara, wanda Alhaji ya karanta mana yana murmushi, ya rubuta cewa a watannin da suka biyo bayan gyaransa na'urar ba ta nuna matsala ko ɗaya ba. Gaskiya ya faɗa, ba ta nuna ba. Na ji yanzu yana Abuja yana koya wa wasu aiki, Allah ya jiƙan takardunsu.

Da abubuwa suka lafa aka buɗe hanya, mutane suka soma komawa gonakinsu. Ƙungiyar ta rage ma'aikata, ni dai ina nan, yanzu aikina fitar wa mutane kwafi. Wata safiya ina goge tebur na ji sallama. Ya rame, gemun ya yi fari fat, amma na gane shi tun kafin ya zauna. Baba ne. Idona ya tafi ƙugunsa kai tsaye, rigar tana kwance lif, babu alamar jaka.

Bayan mun gaisa na yi masa barka da arziki, ya ce sun koma gida. Ya tarar masu gawayi sun sare ɗorawar, kukar ta ci wuta ta faɗi, 'ya'yan maƙwabcinsa kuma sun riga shi dawowa sun shuka shinkafa a fadamar, suna cewa ta ubansu ce. Ba mugaye ba ne, in ji shi, ba su san iyaka ba ne, uban nasu kuma ya rasu a gudun hijira. Sabon dagaci ya ce kowa ya kawo takardarsa ranar Juma'a.

Na ce, "Baba, ina jakar?"

Ya yi murmushi. "Ai tun da kika ce ya shiga na huta da ita. Igiyar ta ci min ƙugu har ta yi gyambo. Na soke ta a jinkar ɗaki. Ranar da suka zo, da rigar jikina na fita. Ina gudu ina cewa alhamdu lillahi, takarda dai tana wurin yarinyar nan."

Zan faɗi gaskiya, abin da ya fara zuwa bakina shi ne in ce masa na'ura ta ɗan sami matsala, ya dawo wani satin. Da ya yarda. Da ya sa min albarka ya tafi, ya yi ta zuwa yana komawa har Juma'a ta wuce, ni kuma ban kunyata ba. Na ji muryar Injiniya a cikin kaina tsaf, har da "nomal ne" ɗinsa, kuma na ji ƙyamar yadda ta dace da bakina. Na tashi na buga takardar na ajiye a gabansa.

Ya ɗauka ya nisanta da idonsa, ya kusanto. Ya karanta bisimilla. Ya karanta sunan mahaifinsa. Yatsansa ya isa inda tokar ta soma, ya ci gaba da tafiya a kanta kamar rubutun na nan, yana faɗa da ka: kuka mai kogo, fadama, bakin rafi. Ya jero shaidun ɗaya bayan ɗaya da sunayen ubanninsu. Ya ce, "Duk sun riga mu."

Na yi masa bayani yadda zai gane. Na ce na'urar ta sami rauni a lokacin, ta kuma san ta samu, amma an hana ta faɗa. Na ce wani ne daga birni ya hana. Ina faɗa ina jin daɗin ambaton wanin nan, don yana rage min nauyi. Baba bai tambayi ko wane ne ba.

Ya ce, "Ke fa, 'yata? Ranar kin ga wani abu?"

Na ce, "Na ga ya ƙifta, Baba."

"Ina nan, ko na fita?"

"Kana nan."

Ya jinjina kai. Ya ninke rabin takardar gida huɗu, irin ninkin waccan, ya nemi leda na ba shi. Ya miƙe da ƙyar yana dafa tebur. A bakin ƙofa ya juyo, ba faɗa ba tsawa, ya ce, "Da kin ce in sake miƙowa. Ai tana hannuna."

Ranar Juma'a, a bakin direban nan na ji, dagaci ya juya takardar gaba da baya, ya bar wa 'ya'yan maƙwabci fadamar. Baba yana noma tudun.